Zakunan Khartum da masu cewa dabba ta fi mutum

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, akwai maganar da ta yawaita a bakin mutanenmu Hausawan Sudan, daga Gadarif zuwa Kasala, daga Damazin zuwa Mai Wurno: "Wallahi dabba ta fi mutum." Da can magana ce ta ɓacin rai, irin wadda mutum kan furta in an ci amanarsa a kasuwa, kafin magariba ya manta. Yanzu da gaske ake faɗinta, kuma masu faɗin ba yara ba ne. Wanda ya gudu ya bar gidansa a Wad Madani, ya dawo ya tarar an kwashe komai har ƙyauren banɗaki da wayoyin lantarkin cikin bango, sannan ya ji ƙishin-ƙishin cewa ba masu bindiga kaɗai suka yi kwasar ba, har da waɗanda suke gaisawa kowace safiya, in ya ce maka ya fi samun natsuwa a wajen akuyarsa, ba ka da bakin yi masa wa'azi.

Ba a kanmu aka fara ba. Tun zamanin jahiliyya mawaƙin Larabawan nan Shanfara ya yi fushi da danginsa, ya ce ya sami wasu dangin a daji, kyarkeci da damisa da kura, domin su ba sa tona asiri, ba sa kuma yasar da nasu don ya yi laifi. A unguwanninmu ma kowa ya san dattijon da ba ya shiga sabgar kowa, ba a ganinsa a majalisa, amma ya san kowace tattabara a ɗakin tattabarunsa, ya san wadda ta ƙi cin dawa tun jiya.

Dalilin farko a fili yake. Dabba ba ta da fuska biyu. In kare ba ya sonka za ka gani a haƙoransa, in yana sonka za ka gani a wutsiyarsa, ba ya yi maka dariya da safe ya kai sunanka da dare. Jaki ba ya tambayar ƙabilarka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga Bahaushen Sudan, wanda aka haifi kakansa a gaɓar kogi kusa da Sinnar amma har yau ana iya tsare shi a shingen bincike a ce ya tabbatar shi ɗan ƙasa ne, wanda kuma ya ga abin da ya faru a jihar Nilul Azraƙ a watan Yulin 2022, lokacin da maƙwabta suka zama abokan gaba cikin 'yan kwanaki. Kuma shaƙuwar mutum da dabba ba riya ba ce, jiki ma ya shaida. Masu bincike a Japan sun nuna a 2015 cewa in kare da ubangidansa suka ƙura wa juna ido, sinadarin oksitosin yana ƙaruwa a jikin su biyun, wato sinadarin nan da ke ƙulla uwa da jaririnta.

Sai dai wani binciken da aka yi a Jami'ar Northeastern da ke Boston ta Amurka, aka buga a 2017, ya fi wancan ba ni abin tunani. An ba ɗalibai sama da 200 labarin jarida na ƙirƙira, cewa an lakaɗa wa wani duka da kulki har an karya masa ƙafa. Labarin ɗaya ne, wanda aka daka ne ya bambanta: wasu an ce musu jariri ne ɗan shekara ɗaya, wasu kwikwiyo, wasu babban kare, wasu kuma mutum ɗan shekara 30. Jaririn da kwikwiyon da karen duk sun sami tausayi mai yawa. Baligin ne ya zo ƙarshe. Ashe ba dabba ake fifitawa a kan mutum ba, tunda ga jariri a sahun gaba. Abin da zuciya ke bi shi ne wanda ba shi da baki, ba shi da laifi, ba ya iya kare kansa. Baligi kuwa a ɓoye muna ɗora masa wani kaso na abin da ya same shi: me ya kai shi can, me ya sa bai gudu da wuri ba, wa ya sani ko shi ma da nasa. A lokacin yaƙi wannan ɗabi'a ce mai haɗari, domin dubban waɗanda aka kashe ko aka kora baligai ne da ba su tare wa kowa komai ba.

Ni a ganina son dabba so ne na gaskiya, amma mai sauƙin ɗauka. Mage ba za ta taɓa ce maka ka yi kuskure ba, ba za ta nemi rabonta na gado ba, ba za ta tuna maka abin da ka faɗa bara ba. Shi ya sa Manzon Allah (SAW) ya ce muminin da ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu ya fi wanda ba ya cuɗanya da su. Amma shi ne kuma ya ba da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa da huffinsa, ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Addini bai sa tausayin nan biyu kishi da juna ba. Wanda ya sami sauƙi a wajen dabbarsa bayan mutane sun ƙona shi, a bar shi ya warke. Tambayar da ta fi dacewa a yi masa ita ce: son nan naka, me dabbar ke samu a ciki?

A nan ne gidan namun daji ke shigowa, domin ga mutumin birni can ne son dabba ke kai shi, musamman ranar sallah, da yara riƙe da hannunsa.

A watan Janairun 2020 hotunan zakuna 5 na lambun Ƙurashi da ke Khartum suka karaɗe duniya. Wanda ya gani ba zai manta ba: haƙarƙari a waje ana iya ƙirga su, fata ta saki tana reto, ƙudaje sun cika gyambon fuska, zakin da ko ɗaga kai ba ya iyawa. Masu kula da wurin da kansu sun ce wasu daga cikin zakunan sun zubar da kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsu, kuma ma'aikata kan sayi nama da kuɗin aljihunsu in sun samu. Wani matashi, Usman Salih, shi ya sa hotunan a Facebook ya yi kururuwa. Mutane suka yi ta kai nama da magani, ƙungiyar kare dabbobi ta Four Paws ta turo likitocin dabbobi a ƙarƙashin Dakta Amir Khalil, ɗan Masar. Biyu daga cikin zakunan sun mutu duk da haka. Wata zakanya da ake kira Kandaka ta rayu.

A kwanakin an yi ta musu a gidaje. Na ji wata 'yar jami'a da baffanta sun yi nasu a tsakar gida. Ya ce, "Ke 'yar nan, mutane na kwana a layin burodi, ku kuna tara kuɗin naman zaki? Zakin nan in ya sami sarari ke zai fara cinyewa." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baffa, a yi mini haƙuri, mai layin burodi in ya gaji zai iya zuwa wani gidan burodin. Shi wannan ina za shi? Mu muka kulle shi."

Ta fi shi gaskiya, ko da yake shi ma ba a banza ya yi magana ba. Yunwar zakin da layin burodin abu ɗaya ya haife su. Tsadar burodi ce ta fito da mutanen Atbara kan titi a Disamban 2018, kuma hauhawar farashi ta ci gaba har ta haura kashi 300 cikin 100 a 2021. Hukumar da ta kasa ciyar da zakuna 5 da ke hannunta ba za a sa ran ta ciyar da gari ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Inda baffan ke da hujja shi ne yadda duniya ke rabon tausayinta. Da yaƙi ya zo daga baya, zakunan Sudan sun sami jirgin da ya fitar da su. Mutanen Alfashir ta Darfur da aka yi wa ƙawanya sun kai ga cin ambaz, wato tunkuzar gyaɗar da ake ba dabbobi, kuma babu jirgin da ya je musu. Wannan abin ɗaci ne. Amma kuɗin da wata tsohuwa a Turai ta ba ƙungiyar kare dabbobi ba daga bakin ɗan Alfashir aka fizgo shi ba, kuma da an bar zakunan sun mutu ba buhun dawa ko ɗaya da zai ƙaru a Darfur. Laifin watsi da mutane yana kan waɗanda suka yi watsi da su.

Maganar yarinyar nan, "mu muka kulle shi", ita ce gindin hukuncin. Hadisin da kowane ɗan makarantar allo ya sani, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, bai ce laifinta kiwon kyanwa ba ne. Cewa aka yi ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Ƙofa biyu ke nan: ko ka ciyar, ko ka saki. Malamai sun kuma kafa hujja da labarin ƙanin Anas ɗan Malik, yaron nan Abu Umair mai ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, cewa tsare tsuntsu ya halatta matuƙar ana ba shi haƙƙinsa. To tsarewa ba haramun ba ce a kan kanta, amana ce mai sharaɗi.

Matsalar zaki ita ce ƙofa ta biyu a rufe take. Zakin da aka haifa a keji bai koyi farauta daga uwarsa ba, bai san garke ba, kuma ya saba ganin mutum a matsayin mai kawo abinci. In ka sake shi, ko yunwa ta kashe shi, ko ya nufi rugar makiyaya a harbe shi. Saura ƙofa ɗaya, ciyarwa, kuma ba ta da ranar hutu. Babban zaki yana buƙatar nama kilo 5 zuwa 7 a rana, kuma a tsare yana iya kai shekara 20. Wanda ya sa hannu ya karɓi ɗan zaki yau, ya ci bashin nama sama da tan 40, da likita, da ruwa, da ma'aikacin da za a biya albashi ko gwamnati ta faɗi ko ta tashi. Wace ƙaramar hukuma ce a ƙasar nan za ta iya rantsuwa kan shekara 20 masu zuwa?

Yaƙi ya ba da amsa, kuma bai tsaya kan masu sakaci kaɗai ba. Usman Salih da abokansa sun yi abin a yaba. Sun kafa cibiyar ceton dabbobi a Baƙer, kudu da Khartum, fili mai faɗi da ciyawa da inuwa, inda a 2022 akwai zakuna 17, Kandaka ma ta haihu a can. Da harbi ya tashi, hanya ta toshe, wuta ta ɗauke, aka sace motocin da ake ɗauko nama da su. 'Yan sa-kai kaɗan suka zauna da dabbobin cikin ruwan harsashi, wasu zakunan suka mutu. Sai a Nuwamban 2023 Four Paws ta iya kwashe dabbobi kusan 50, ciki har da zakuna 15, ta kai su gandun Um Barona a Wad Madani. Ba a rufa wata guda da wani abu ba, dakarun RSF masu yaƙi da sojan Sudan suka shiga Wad Madani a Disamba, aka sake ɗaukar zakunan a akwatunan ƙarfe zuwa gabas, daga Bur Sudan aka fitar da su ta jirgi zuwa Jodan. A ɗakin tarihin halittu na Jami'ar Khartum kuwa, wanda ke kusa da hedikwatar soja, ko wannan gatan ba a samu ba. Kadoji da macizai da tsuntsayen da ke raye a ciki sun mutu a kulle, domin babu wanda ya iya isa ya buɗe musu. Karnukan titi da magen bola sun sha wuya a yaƙin nan, amma suna da ƙafar gudu. Waɗanda aka ce ana kula da su ne suka rasa mafita.

Ko da babu yaƙi, ko da nama na zuwa a kan kari, ciki ba shi ne dukan rai ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kejin kura ko zaki na minti goma maimakon ya ɗauki hoto ya wuce, ya ga abin da nake nufi. Dabbar za ta tafi bangon dama, ta juya a daidai wuri ɗaya, da ƙafa ɗaya, ta dawo bangon hagu, ta sake juyawa. Simintin da take takawa ya yi santsi ya canza launi, gashin kafaɗarta ya goge a inda take gogar ƙarfe. Ka yi mata tafi, ka kira ta, ba za ta dube ka ba. Yara kan ce tana atisaye ne. Masana halayyar dabbobi sun san wannan zirga-zirga a matsayin alamar damuwa mai tsanani, kuma ba a ganinta a daji. A 2003 Ros Clubb da Georgia Mason na Jami'ar Oxford suka duba nau'i 35 na dabbobi masu cin nama, suka gano cewa gwargwadon faɗin dajin da dabba ke yawo a cikinsa a asali, gwargwadon yadda take wannan zirga-zirga a keji, kuma gwargwadon yadda 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana. A 2008 wani binciken ya kwatanta giwayen Afirka da ke gidajen namun dajin Turai da na gandun Amboseli a Kenya: matsakaicin tsawon ran na tsare bai kai shekara 17 ba, na daji kuwa 56. Gidajen na Turai sun ce alƙaluman sun haɗa da na tun 1960, kuma sun gyara abubuwa da yawa tun daga nan. An ji. Amma wannan Turai ke nan, inda likita ke kwana a wurin.

Akwai kuma tarihin da ya kamata ɗan Sudan ya sani, domin ƙasar nan ta daɗe tana cika kejin wasu. Raƙumar dawar da Muhammad Ali Basha na Masar ya aika wa Sarkin Faransa kyauta, a yankin Sinnar aka kamo ta tana ƙarama. Ta sauka a Marsel a 1826, a shekara mai zuwa aka tako da ita a ƙafa kusan kilomita 900 zuwa Faris, mutane na tururuwar kallo. Giwar nan Jumbo, wadda sunanta ya zama kirarin duk wani abu mai girma a Turanci, a gabashin Sudan aka kama ta wajen 1860 bayan maharba sun kashe uwarta. Ta zauna a gidan namun dajin Landan daga 1865, tana gurza haurenta a bango da dare har suka lalace, aka sayar da ita ga mai wasan nishaɗi Barnum a 1882, jirgin ƙasa ya kashe ta a Kanada a 1885. Babban dillalin namun daji na Jamus, Carl Hagenbeck, daga yankin Kasala yake samun kaya mai yawa. Da cinikin dabbobi ya ja baya, a 1876 sai ya aika aka kawo masa mutane daga Sudan tare da dabbobin, aka riƙa nuna su a Faris da Landan da Balin, ana biyan kuɗi a kalle su ta bayan shinge. Hannun da ya iya sa zaki a keji don kallo bai sha wahalar sa mutum ba.

Gidan namun dajin Khartum na asali Turawan mulkin mallaka suka kafa shi a farkon ƙarni na 20, kusa da mahaɗar kogunan Nilu biyu. A tsakiyar shekarun 1990 aka rufe shi, aka kwashe dabbobin zuwa Kuku a Bahri da wasu wurare, aka gina otal ɗin nan mai siffar ƙwai da kuɗin Libiya a filin. Ƙasar ta fi dabbobin tsada, shi ke nan. Kada kuma mu ɗora wa Bature komai. Mu ne masu gardawan da ke yawo da kura da takunkumi a baki da sarƙa a wuya, da biri sanye da riga, kasuwa-kasuwa, har muka yi karin magana a kai: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mun san wanda ke wahala tun tuni, dariya kawai muke yi.

Yanzu sai a ba ɗaya ɓangaren haƙƙinsa, domin yana da hujjar da ba a iya turewa. Maririn Larabawa, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni, an harbe na ƙarshe a daji a Oman a 1972. Da ba don an tara 9 a gidan namun dajin Phoenix na Amurka tun farkon shekarun 1960 ba, wasu daga cikinsu kyautar Sarki Sa'ud, da yau sai a hoto. Daga zuriyarsu aka mayar da su Oman a 1982, aka kuma saki wasu a Mahazat Assaid kusa da Ɗa'ifa a 1990. Ɗan'uwansa, maririn Sahel mai lanƙwasassun ƙahoni wanda kakanninmu suka sani, an ayyana ya ƙare a daji a 2000. Daga 2016 aka fara sakin waɗanda aka kiwata a Abu Dabi cikin dajin Chadi, sun hayayyafa har a Disamban 2023 aka cire su daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Sai kuma karkandan nan mai suna Sudan, namiji na ƙarshe a cikin fararen karkandan arewa. A 1975 aka kama shi a Shambe, wadda yanzu ke Sudan ta Kudu, aka kai shi gidan namun daji a ƙasar Cek. An raba shi da dajinsa, gaskiya ne. Amma 'yan'uwansa da aka bari a daji mafarauta sun gama da su kakaf saboda ƙaho, shi kuwa ya kai shekara 45, ya mutu a Kenya ranar 19 ga Maris, 2018, ya bar 'yarsa Najin da jikarsa Fatu, su biyu kacal da suka rage a duniya. In aka tambaye ni ko kamun nan zalunci ne ko ceto, zan ce duka biyun ne.

Sai dai a lura da irin aikin da ya ceci mariri. Aiki ne na rajistar zuriya, a san wa ya haifi wa don kada jini ya yi kusa, da fili mai faɗi nesa da 'yan kallo, da kuɗin shekaru masu yawa, da dajin da aka tanada aka sa masa masu gadi kafin a saki dabba ko ɗaya. Ko wannan tsarin ma yana da nasa rashin imanin: a Fabrairun 2014 gidan namun dajin Kofanhegan a Denmak ya kashe wani lafiyayyen raƙumin dawa mai suna Marius, ya yanka shi a gaban jama'a ya ba zakuna, don kawai irin jininsa ya yi yawa a shirin kiwon. Zakin da ke kwance kan siminti a lambun shaƙatawa, tsakanin lilon yara da mai sayar da askirim, ba ya cikin kowane shiri irin wannan. Zaki dabba ce mai saurin haihuwa a tsare, ba wanda ke neman 'ya'yansa don a mayar daji. Ana ajiye shi ne don tikiti. Ba daidai ba ne a ari ladan Phoenix a yafa wa lambun Ƙurashi.

Saura hujjar yara, kuma ita ce ta fi taɓa ni. Yaron unguwar Mayo ko ta Ishash a Khartum ba zai taɓa zuwa yawon buɗe ido Kenya ba. In ba a nan ya ga zaki ba, ba zai gani ba har abada, kuma an ce wanda bai san abu ba ba zai kare shi ba. Rashi ne na gaske, ban raina shi ba. Amma ku tsaya ku ga abin da yaron ke koya a gaban kejin biri ranar sallah. Ana tsokanar birin da kara, ana jefa masa leda da ɓawon gyaɗa, ana miƙa masa abu a janye, in ya yi ƙara a tuntsire da dariya, manya na tsaye. In zaki ya kwanta, kuma zaki na iya kwantawa awa 20 a rana, sai a jefe shi da tsakuwa ya tashi a ga kuɗin tikiti ya fita. Yaron ya koma gida da sanin cewa dabba abin wasa ce, kuma mai ƙarfi in ya shiga hannu sai yadda aka yi da shi. Fim ɗin namun daji a wayar babansa ya fi wannan nuna masa zaki na ainihi.

Abin da yaron bai sani ba, kuma manya da yawa ma ba su sani ba, shi ne akwai zakuna masu 'yanci a jihar Sinnar, ba nisa sosai da garuruwan Hausawa. Gandun Dindir, wanda aka keɓe tun 1935, ya haura murabba'in kilomita 10,000 a kan iyakar Habasha, da fadamunsa da ake kira maya inda namun daji ke taruwa da rani. Raƙumin dawa ya ɓace daga cikinsa tun shekarun 1980, kuma ba gidan namun daji ne ya kwashe shi ba: farauta ce, da manyan gonakin tarakta da suka cinye burtali da makiyaya har suka tura shanu cikin gandun, da masu gawayi. Kuɗin naman kilo 100 da zakuna 17 ke ci kowace rana a tsare, in aka juya shi albashin masu gadi da man mota da rijiyar da za ta shayar da shanun makiyaya a wajen gandun, ya fi amfanar zaki a matsayinsa na iri. Haka kuma mai cewa dabba ta fi mutum ba sai ya je Dindir ba. Ga jakin karo, wato mai jan amalanke, nan a ƙofar gidansa, wanda tun da fetur ya yi wuya shi ke jan ruwa, shi ke kai marar lafiya asibiti, shi ya fitar da iyalai daga Jazira, da gyambo a kafaɗa inda itacen karon ke gurzarsa, an shafa masa baƙin mai an ci gaba da tafiya. Hadisin raƙumin da ya zubar da hawaye a gaban Annabi (SAW) saboda ubangidansa na barinsa da yunwa yana kuma gajiyar da shi, a kan irin wannan yake magana.

Tunda soja suka karɓe Khartum a Maris 2025 ake ta maganar gyara, kuma ba makawa wata rana wani jami'i zai tashi da shawarar a sake cika kejunan lambunan birni don a nuna rai ya dawo. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: kada a yi. A bar lambu ya zama lambu, da bishiya da lilo da wurin shan shayi. In akwai dabbar da aka ƙwato daga hannun masu fasa-ƙwauri ko attajirin da ya gaji da ɗan zakinsa, wadda ba za ta iya komawa daji ba, a tsare ta a cibiyar ceto a wajen gari, da sharaɗin an ajiye kuɗin abincinta a gaba, an kuma rubuta inda za a kai ta in hanya ta toshe. Kuma kada a bar ta ta haihu. Haka ake yi a Lionsrock ta Afirka ta Kudu, inda aka kai 11 daga cikin zakunan Baƙer a Fabrairun 2024: suna da fili da ciyawa da likita har ƙarshen ransu, amma ba a barinsu su hayayyafa, domin kowane ɗan zaki da aka haifa a can wani sabon bashin shekara 20 ne da sai an sami mai biya.